Ba Na Cikin Mutum Ukun

Talata, bayan la'asar

Yau aka fara. Ni na buɗe ɗakin da hannuna, tunda makullan makarantar a wurina suke. Ɗakin da muke jibge tsofaffin tabarmi ne, kwamiti ya sa aka share, aka yi fenti, aka zuba kujeru biyu masu laushi da labule da kwalin tishu, wai yanzu sunansa ɗakin sauraro. Shekara ashirin da biyu ina karantar da matan aure a ginin nan, fankar ajina tana kuka kamar akuya, ba wanda ya taɓa cewa a duba ta.

Likitar ta zo ƙarfe tara daidai. Ba ta allura, ba ta awo. Likitar damuwa ce, in ji su, ta karanci halayyar ɗan Adam ta haɗa da karatun addini. Na haife ta, wallahi na haife ta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malama, ina neman albarkarki." Na ce Allah ya yi albarka. To me zan ce?

'Yata Auta ta shiga ƙarfe sha ɗaya. Mijinta ne ya rubuta sunanta, ba a shawarce ni ba. Sati biyar ke nan tana gidana tun da aka sallamo ta daga asibiti, kuma in aka tara maganar da ta yi min a sati biyar ɗin ba za ta cika cokali ba. Amma ta yi minti hamsin a ciki, na duba agogo. Me ake gaya wa baƙuwa har na minti hamsin?

Laraba, da hantsi

Baban yara ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, lafiya? Fuskarki kamar wanda aka ƙwace wa limanci." Na ce ya sha shayinsa tun bai huce ba.

Asabar, bayan azahar

A tsakiyar darasi Mai Ɗinki ta ɗaga hannu. Ɗalibata ce shekara shida, har yau ba ta iya fitar da wasu haruffa daidai ba, amma yau ta zama mai fatawa. Ta ce Anti Likita ta ce kuka ba rashin tawakkali ba ne, ai Annabi Yakubu ya yi kuka har idonsa ya yi fari, kuma Allah bai fitar da shi daga cikin masu haƙuri ba. Mata suka ɗauka, "Allahu Akbar, Allahu Akbar," kamar yau aka saukar da ƙissar.

Kowace shekara ina karantar da ƙissar nan. Kowace shekara! Ni dai wajen haƙurin nake tsayawa, ita kuma ta je ta tsaya wajen hawayen, shi ke nan ta zama gwana. Na ce wa Mai Ɗinki maganar gaskiya ce, ta sauke hannunta mu ci gaba.

Anti Likita. Ni shekara ashirin da biyu ina Malama, ba a taɓa lanƙwasa murya wajen kiran sunana haka ba.

Lahadi, da yamma

Ba hassada nake yi ba.

Talata, bayan la'asar

Zama na uku. Auta ta dawo, ta ajiye jaka, ta buɗe labulen ɗakinta da kanta, ta wanke gashinta. Ta ci shinkafa rabin faranti. Sati nawa na yi ina roƙo, ina lallashi, ina faɗa, ina tofa addu'a a ruwa ina miƙa mata? Ta juya min baya ta fuskanci bango. Yau na tambaye ta me ya faru, ta ce, "Anti Likita ta ce in zaɓi abu uku ƙanana in yi kullum, in yi niyyar ibada da su."

Na ce madalla. Na shiga kicin na goge murhun da na riga na goge.

Ya kamata in yi murna, kuma na yi. Allah shaida ne na yi. Sai dai murnar tana da ƙashi a ciki.

Alhamis, bayan asuba

Jiya da yamma ta tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Mama, ina kika kai kayan?"

Na san kayan da take nufi. Ranar da mijinta ya bugo waya daga asibiti ya faɗi abin da ya faɗa, ban tsaya kuka ba. Na tafi gidansu na kwashe komai, ƙaramin bahon wankan, gidan sauron, 'yan safan nan da ba su kai yatsana biyu ba, na ba da su sadaka kafin ta dawo. Don kada idonta ya faɗa kansu. Haka uwata ta yi, kuma haka ake yi.

Na ce mata, "Na bayar. Ki yi haƙuri, ke yarinya ce, Allah zai kawo wani."

Ta kalle ni kallon da ban san ta iya ba, ta koma ɗaki.

Asabar, da hantsi

Na tare Likitar a baranda. Na ce, a matsayina na uwa, ina son sanin abin da yarinyar nan take faɗa, don in san ta inda zan taimaka.

Ta ce, "Amana ce, Malama. Ko mijinta ba na gaya wa. Sai dai in na ga rayuwarta na cikin haɗari, kuma ko a nan sai na fara sanar da ita."

Na ce, "Ni na haife ta."

Ta ce, "Shi ya sa zai fi daɗi ki ji daga bakinta. In ta yarda, wata rana ku shigo tare."

In ta yarda! Sai an nemo min izini kafin in ji ciwon 'yar da na yi naƙudarta kwana biyu. Kuma abin haushin, cikin ladabi take maganar, ba ta bar min ko ƙofar da zan yi faɗa ba. Da ma ta yi min rashin kunya, da na samu abin riƙewa.

Litinin, bayan la'asar

Abin yanke farce nake nema. Shi ya kai ni jakar Auta, tana banɗaki.

To, ba shi nake nema ba. Littafina ne, wa zan yi wa ƙarya a nan?

Kati ne ɗan ƙarami, an naɗe shi biyu. Na ji mata suna maganarsa a aji, Likitar tana sa kowacce ta rubuta nata da hannunta, ta riƙa yawo da shi. A sama an rubuta alamomin da ke nuna duhun yana dawowa. Ƙasa da su addu'ar da ke kwantar mata da hankali, kuma ni na koya mata addu'ar nan tana 'yar shekara biyar, a kan cinyata. Sai kuma mutum uku da za ta kira in abin ya taso. Na ɗaya mijinta. Ta biyu Mai Ɗinki. Ta uku Anti Likita.

Mai Ɗinki! Matar da ta ɓata min riga sau biyu.

Na juya bayan katin ko an sa ni a can. An sa ni. A ƙarƙashin inda aka rubuta maganganun da ke ƙara mata ciwo, akwai layi ɗaya: "Allah zai kawo wani." Kusa da shi, cikin ƙananan haruffa, ta sa Mama.

Na mayar da shi yadda na same shi. Na yi sallar la'asar ban san raka'a nawa na yi ba.

Talata, bayan magariba

Da safe na tsaya da Likitar a ƙofar ɗakin sauraro, maganar makulli kawai muka yi, tana so a yanka mata nata. Auta ta zo ta same mu muna tsaye, ta gaishe mu ta shige.

Da yamma kanta yana ciwo, na kawo mata ruwa na ce ta tashi ta sha. Ta ce in bari zuwa anjima. Kalma biyu ce, ba wani abu ba. Sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "To ki kira Mai Ɗinki ta ba ki, ai ita ce ta biyu. Ni ba na cikin mutum ukun."

Ta tashi zaune. Ta ce, "Wa ya gaya miki?"

Ina ninke sallaya.

Ta ce, "Anti Likita ce? Abin da kuke faɗa ke nan da safe?"

Na ci gaba da ninke sallaya. Ban ce e ba. Allah ya sani ban ce e ba.

Laraba, da hantsi

Na ga katin a kwandon shara, an yayyaga shi ƙanana.

Juma'a, da yamma

Ta ce ba za ta koma ba. Mijinta ya zo ya yi ta lallashi, ta ce masa duk ɗaya suke, abin da ka faɗa a ɗaki sai ka tsince shi a baranda. Ya dube ni yana neman in sa baki. Na ce a bar ta ta huta, ai addu'a ba ta bar komai ba.

Yau ta zauna kusa da ni ina tsince wake, har ta ɗora kanta a kafaɗata. Rabon da ta yi haka tun kafin bikinta. Zan faɗi gaskiya: na ji daɗi. Na ji daɗi har cikin ƙashina. 'Yata ta dawo hannuna.

Asabar, bayan azahar

Mata biyu sun janye sunansu daga ɗakin sauraro. Magana ta zaga, wai Likitar bakinta ba ya riƙe ruwa. Ban faɗa ba, ban kuma hana ba. Na ga Likitar zaune ita kaɗai ƙofa a buɗe, tana jan carbi, awa guda ba wadda ta shiga.

Ta ce min, "Malama, Auta ta daina ɗaga wayata. Lafiya take?"

Na ce lafiya lau.

Ta ce, "Don Allah ki sa mata ido. In kin ga wani canji, ko wane lokaci ne ki kira ni." Ta rubuta lambarta a takarda ta miƙo min da hannu biyu. Yarinyar nan ba ta san yadda ake yin gaba ba, ta bar ni ina yi ni kaɗai.

Litinin, bayan asuba

Labulen ɗakin Auta ya koma rufe.

Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Lokacin zamanta ne yanzu. Tana kwance. Shayin da na kai mata tun ƙarfe bakwai ya yi fata a sama.

Baban yara ya ce, "Malama, ruwa ba ya tsami banza. Yarinyar nan ta fara tashi, me ya mayar da ita?" Na ce jiki da jini. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki hularsa ya fita. Shekara talatin da takwas muna tare, ya san lokacin da nake karatu da ƙarfi don kada a yi min tambaya.

Alhamis, bayan magariba

Dole in rubuta wannan.

Na shiga in ɗauko faranti. Tana kallon silin ta ce, cikin murya mai sanyi kamar tana tambayar farashin albasa, "Mama, ke da kika yi karatu, in mutum ya roƙi Allah ya ɗauke shi ya huta, zunubi ne?"

Na buɗe baki. Amsar tana nan a kan harshena, da hujjarta da komai, na sha ba da ita a aji. Sai na tuna inda na taɓa ganin maganar nan. Ita ce layi na farko a saman katin, cikin alamomin duhu. Ta rubuta da hannunta cewa ranar da ta fara wannan tunanin, kada ta jira, ta kira ɗaya daga cikin mutum ukun nan take.

Katin yana bola. Ta ukun ta zama maƙiyiya. Ta biyun ta daina zuwa gidanmu don kunya, tunda ita ta fara yabon Likitar. Na farkon yana wurin aiki, an ce masa a bar ta ta huta. Ni na share su ɗaya bayan ɗaya, na zauna a wurin ni kaɗai, ga shi an zo gaɓar ban san abin da ake yi ba.

Na kwashe duk magungunan gidan na kulle a akwatina. Na dawo na zauna a bakin gadonta har aka kira magariba.

Juma'a, bayan asuba

Ban taɓa rubuta wannan ba. Tsakanin babban ɗana da mai bi masa akwai wata 'ya da ba ta zo da rai ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ban ga fuskarta ba, an ce ba amfani. Na dawo gida na tarar uwata ta kwashe komai, ta ce in yi haƙuri, wani zai zo. Rana ta huɗu na koma murhu. Ba wanda ya saya min kujera mai laushi, ba wanda ya rufe ƙofa ya ce, "Faɗi, ina jin ki." Na haɗiye, aka ce ga mai tawakkali, na ɗauki yabon na yi rawani da shi, har na zama mai koya wa wasu haɗiyewa.

Ina ta cewa Likitar nake jin haushi. Har da Auta. Ita ta samu minti hamsin duk sati, ni ban samu ko biyar ba a shekara talatin da ɗaya.

Astagfirullah. Uwa tana kishin 'yarta a kan wurin kuka.

Juma'a, da dare

Na gaya mata. A tsaye na faɗa, don na san in na zauna ba zan iya ba. Na ce, "Auta, ba Likita ba ce. Ni na buɗe jakarki ranar Litinin kina wanka. Na karanta gaba da baya. Baiwar Allah ba ta taɓa gaya min ko harafi ɗaya ba, na tambaya ma ta hana ni."

Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Kwana goma, Mama. Kina kallona ina zaginta a raina kwana goma."

Na ce e.

Ta ce, "Kin san ita kaɗai ce ta tambaye ni sunan da na sa masa?"

Ban san ta sa masa suna ba. Ban tambaya ba.

Na miƙa mata takardar lambar. Ba ta karɓa ba, ta ce tana da ita a ka. Ta ce in fita in ja mata ƙofa. Na fita na ja, na tsaya a tsakar gida ina jin muryarta tana tashi tana sauka, ba na jin kalmomin, kuma karo na farko ban matsa kusa ba.

Kafin la'asar Likitar ta zo da kanta, ita da mijin Auta. Sun kai ta asibiti an duba ta, an ba ta magani. Daga can gidan mijinta ta wuce. Mijin ne ya dawo ɗaukar kayanta, yana ta sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin.

Asabar, bayan azahar

Na faɗa a gaban aji, mata talatin da huɗu. Na ce maganar da ke yawo a kan Likita ƙarya ce, kuma daga shiruna ta fito. Mai Ɗinki ce ta fara cewa, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya, Malama," ta fitar da kowane harafi daidai.

Na je ɗakin sauraro na nemi gafara. Likitar ta ce ta yafe. Ta ce abin da na yi ranar Alhamis da Juma'a shi ne daidai, kuma ba kowace uwa ce za ta iya ba. Na so ta ɗan ja rai, ko na minti ɗaya. Sai ta ƙara da cewa ƙofar a buɗe take ga kowa, har da malamai. Na ce na ji.

Litinin, da yamma

Na kira sau uku. Ba ta ɗaga ba. Mijinta ya turo saƙo: tana cin abinci, tana shan magani, ta ce a gaishe da Baba.

A gaishe da Baba.

Alhamis, da hantsi

An ce ta yi sabon kati. Ban tambayi sunayen ba. Na kwana ina son tambaya, na tashi ina son tambaya.

Talata, bayan azahar

Ta zo. Ina aji na hango ta ta taga, ta rame, amma da ƙafarta take tafiya, mijinta ya tsaya a bakin ƙofar makaranta. Ta wuce ajina ba ta leƙo ba. Na ci gaba da darasi, na maimaita layi ɗaya sau uku har mata suka fara kallon juna.

Wajen sha biyu saura, muna tsakiyar karatu, sai na ji ta. Dariya. Gajeriya ce, ta fito ta bangon nan mai sabon fenti, irin wadda take yi har da ɗan tari a ƙarshe. Ko cikin mata dubu zan gane ta. Wata uku ban ji ta ba, kuma ba ni aka yi wa ba, ban ma san abin da aka faɗa ba, ba kuma zan taɓa sani ba.

Mata suna jira in ci gaba. Na riƙe bakin tebur na ce alhamdulillahi. Da ƙyar ya fito, amma ya fito.